Tsohuwar jitar fedal-stil ta 'yan koyo: yadda ake gane ta da yadda ake sanin ko ta cancanci kuɗinta

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Na daɗe ina kaɗa jita, kuma ina sha'awar koyon fedal-stil, jitar nan da ake zama a gabanta kamar tebur ana taka feda. Yayana da ke zaune a Amurka ya ga wata tsohuwa ana sayarwa, ya turo mini hotuna: tsirkiya 10, feda 3, libar gwiwa ɗaya. Sunan kamfanin ya goge, jikinta ruwan ƙasa ne kamar an manna masa leda, allonta kuma yana da alamomin karta. Mai ita ya ce ta 'yan koyo ce, amma tsohon aiki ne mai daraja. Wace iri ce, kuma yaya zan san ko ta cancanci a saya a aiko mini Kaduna?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bisa yadda ka siffanta ta, mafi kusa ita ce Sho-Bud Maverick ta shekarun 1970, irin ta baya-bayan nan da aka lulluɓe da leda mai zanen katako. Amma kada Yaya ya biya ko sisi tukuna. Duk abin da ka lissafa na samanta ne, ita kuwa wannan jita a cikinta ake sanin ko wace ce. Ka ce masa ya kifa ta a cikin akwatinta, ƙafafu sama, ya ɗauki hoton cikin nan tun daga wannan ƙarshe har wancan, a wuri mai haske. Allo ana canza shi, tambarin kamfani ana sayar da shi a manna, fenti ana sake shi. Ƙarafunan ciki ne ba su iya ƙarya.

Dalili kuwa shi ne fedal-stil rabinta kayan kiɗa ce, rabinta inji. Idan ka taka feda, wani siririn rodi ne zai ja wani ƙarfe da ya gitta cikin jitar ya juya, wannan kuma ya ja wani rodin da ya miƙe zuwa ƙarshen dama, inda kowace tsirkiya take ɗaure a kan ɗan yatsan ƙarfe nata. Yatsan ya karkata, tsirkiya ta ƙara ɗamewa ko ta sassauta, murya ta hau ko ta sauka. Wannan jerin yatsu shi ne masauyi, kuma a nan kamfanoni suke rage kuɗi idan za su yi ta 'yan koyo. Katakon da fikof ɗin, wato abin da yake ɗaukar sautin tsirkiya ya kai amfilifaya, sau da yawa ba su da laifi. Inda ake tsuke hannu shi ne masauyi, da yawan libobi, da ƙafafu.

Masauyi iri uku ne za ka tarar a tsofaffin nan. Na farko ja-da-saki: yatsa ɗaya ne guntu guda ga kowace tsirkiya. Idan ana so murya ta hau, a ja shi. Idan ana so ta sauka, to dama can akwai sifirin da yake riƙe da yatsan a tsakiya, liba ta sassauta riƙon, tsirkiya ta ja yatsan baya da kanta. Shi ne mafi sauƙin ƙerawa, shi ne a jikin Maverick. Na biyu tura-da-ja, wanda kamfanin Emmons ya yi suna da shi: a ja don hawa, a tura don sauka, kuma a ƙasa za ka ga rodi masu ɗan kauri da ƙananan zobba masu sukuru da sifirin a jikinsu. Na uku ja-zalla, wanda kusan duk jitar ƙwararru ta yau take da shi: yatsan haɗe yake kamar almakashi, hawa da sauka duk da ja ake yi, kuma a farantin ƙarshen dama za ka ga taga ɗauke da jerin ƙananan notuna na roba, galibi farare, waɗanda da su ake saita kowace feda. Idan Yaya ya ɗauki hoton farantin nan ya ga babu notunan roba sai layin kawunan sukuru, to galibi ɗaya daga cikin biyun farko ne.

Ja-da-saki ba aibi ba ne a kan kansa. Ana ƙera jitoci masu kyau da shi har yau, kuma da yawa suna son muryarsa. Matsalar tana ga yadda aka yi shi a Maverick, kuma ba za ka gan ta ba sai ka san saitin da za ka koya a kai.

Saitin ana kiransa E9. Daga tsirkiya ta 1, wadda ta fi nisa da jikinka, zuwa ta 10: F#, D#, G#, E, B, G#, F#, E, D, B. Feda ta farko, A, tana ɗaga tsirkiya ta 5 da ta 10 daga B zuwa C#. Ta biyu, B, tana ɗaga ta 3 da ta 6 daga G# zuwa A. Ta uku, C, tana ɗaga ta 4 daga E zuwa F#, ta 5 kuma daga B zuwa C#. Wannan jeri na A, B, C daga hagu zuwa dama shi ake kira tsarin Emmons. Idan an juya shi ya zama C, B, A to tsarin Day ne, da sunan makaɗin fedal-stil Jimmy Day. Ka tambaya wanne ne a jikinta, domin a wasu jitocin 'yan koyo an yi wa ƙarafunan walda, ba a iya juya su. Har nan Maverick ba ta da matsala, fedojinta uku suna yin abin da na kowa suke yi.

A libobin gwiwa ne ake rabuwa. Biyu ne mai koyo ba ya iya yi ba tare da su ba a yau: wadda take sauke E biyun nan, ta 4 da ta 8, zuwa D#, da wadda take ɗaga su zuwa F. Ta biyun makaɗi Lloyd Green ne ya yaɗa ta a ƙarshen shekarun 1960, kuma idan ka tashi kana jin Don Williams a rediyo, to ka ji hannun mutumin nan a faya-fayansa na farko ko da ba ka san sunansa ba. Yanzu ka lura: tsirkiya ta 4 feda C tana ɗaga ta, liba kuma ana so ta sauke ta. Wato tsirkiya ɗaya tana bukatar hawa da sauka. Maverick yadda ta fito daga kamfani ba a shirya ta don wannan ba, shi ya sa libarta guda ɗaya take sauke ta 2 da ta 8, ta bar ta 4 a inda take. Darussan da za ka samu a intanet kusan duka sun ɗauka kana da feda 3 da liba 3 ko 4. Wata biyu ko uku za ka yi kana murna, sai malami ya ce ka sauke E ɗinka, ka taɓa liba, rabin abin ya faru. Makanikin da ya san aikinsa yana iya ƙara mata libobi ya gyara yatsan ta 4, ana yi. Amma kuɗin kayan da na aikin sukan kai ka kusa da farashin jitar da aka ƙera da liba huɗu tun farko, kuma idan ka tashi sayarwa Maverick ce dai za a kira ta.

Kamfanin Sho-Bud kansa ba ƙaramin gida ba ne. Shot Jackson da Buddy Emmons ne suka kafa shi a jihar Tenesi a shekarun 1950, sunan ma daga sunayensu aka yanko, kuma manyan jitocinsa suna cikin waɗanda suka gina sautin Nashbil, birnin kiɗan kantiri. Wannan suna ne masu sayarwa suke jingina da shi. Alamomin karta a allo nasu ne, gaskiya ne, amma suna kan mai tsada da mai araha duka. Maverick kuma iri biyu ce a fili. Ta farko katakon mafal ne tsirara da aka shafa wa man sheƙi, da wuya ɗagagge a kan jiki, da kai mai lanƙwasa, inda maɓallan saita tsirkiya suke, irin na manyan Sho-Bud. Wannan tana da kyan gani, tana da murya, wasu ma ba su da liba ko ɗaya. Ta baya ita ce taka: jiki shimfiɗaɗɗe ba wuya, an lulluɓe shi da leda, maɓallan saiti kuma suna zaune a cikin wani faranti da aka nutsar a katako. Ta farkon ta fi daraja a kasuwa. Akwai kuma 'yar uwarta da Sho-Bud ya ƙera wa Fender a tsakiyar shekarun 1970, mai ɗauke da sunan Fender, galibi baƙa; cikinta kusan ɗaya ne da Maverick, don haka duk abin da na faɗa ya hau kanta.

Kada a rikita wannan da Fender 400 da Fender 1000 na ƙarshen shekarun 1950. Waɗannan tsirkiya 8 gare su a wuya, ba rodi a cikinsu sai kebur irin na birkin keke da ke bi ta kan ƙananan ƙafafun juyi, kuma ba su zo da libar gwiwa ba. Masu sayarwa kan kira 400 ta 'yan koyo saboda wuyanta ɗaya, alhali ta ƙwararru ce a zamaninta. Makaɗi Sneaky Pete Kleinow da ita ya yi suna, Ralph Mooney kuma ya kaɗa Fender 1000. Kayan kirki ne, amma ba don wanda yake son bin darasin E9 mai tsirkiya 10 ba. Haka Multi-Kord, mai fedoji a jere a ƙarshen hagu: an yi ta ne don canza saiti gaba ɗaya, tun kafin Bud Isaacs ya nuna a 1953, a waƙar Slowly ta Webb Pierce, cewa ana iya taka feda murya tana cikin tafiya. Ka bar wa masu tara kayan tarihi ita.

A cikin duk tsofaffin jitocin 'yan koyo, wadda zan ce a bi ta da gudu ita ce Emmons GS-10. Buddy Emmons ya bar Sho-Bud, ya haɗu da Ron Lashley suka kafa kamfanin Emmons a jihar Karolina ta Arewa a 1963, kuma da suka zo yin ta 'yan koyo ba su ƙirƙiro wani masauyi mai araha ba, tura-da-ja ɗin nasu suka sa mata. Abin da suka cire shi ne wuya ɗagagge da kayan ado. Allon a kan jiki yake kai tsaye, jikin kuma an rufe shi da fomeka. Alamarta a allo 'yan zanen ƙwayar zarra ne masu launi. Da feda 3 da liba ɗaya take zuwa ita ma, sai dai ita masauyinta yana hawa yana sauka a kowace tsirkiya, don haka ƙara mata liba aiki ne na ɗaura kaya, ba na sake ƙira ba. Muryarta kuwa akwai ƙwararrun da suke da manyan jitoci amma suna ajiye GS-10 don ɗaukar sauti. Abin da za ka sani kawai: tura-da-ja yana da ɗabi'arsa. Dole a bar sarari a rodin hawa don yatsa ya samu wurin komawa baya idan za a sauke, kuma idan hawa da sauka suka haɗu a tsirkiya ɗaya, hawa ne yake rinjaye. Wanda bai san haka ba sai ya ga rodi yana lilo ya ce ya kwance, ya ɗaure shi tam, daga nan komai ya rikice. Yawancin GS-10 da ake cewa ta lalace, hannun mai karambani ne ya taɓa ta. Idan an saita ta daidai kuwa takan shekara ba ta motsa ba.

MSA kamfanin Dalas ne a jihar Tekzas, wanda Maurice Anderson da abokansa suka kafa a 1963. Da yawan allunansu na wancan zamani suna ɗauke da zanen 'ya'yan wasan ces. Manyan jitocinsu na shekarun 1970 ƙarfi gare su kamar me, ja-zalla ne, kuma har yau suna cikin mafi araha a tsofaffin jitocin ƙwararru. Na 'yan koyonsu, Red Baron da Sidekick, wani zance ne daban: marasa nauyi, masauyi mai sauƙi, Red Baron ma jikinta na roba ne. Ana iya fara koyo da su, amma iyakarsu kusa take kamar ta Maverick. Idan ka ga MSA, ka karanta sunan samfurin da kyau, domin tazarar da ke tsakanin Classic da Red Baron ta fi tazarar farashin da wasu masu sayarwa suke sawa. ZB, aikin Zane Beck, tana da murya mai daɗi da masoya na gaske, amma tsarin jan da ke cikinta sai wanda ya saba. Ga mutumin da zai zauna da ita a Kaduna shi kaɗai, ban ba da shawara ba. Carter Starter ba ta kai waɗannan tsufa ba, kamfanin a 2010 ya rufe, amma tana yawo a kasuwa sosai. Feda 3 da liba 4 gare ta, wannan kuwa babban abu ne ga mai koyo. Rauninta libobin ba su da ƙwari, mai ƙarfin gwiwa yakan lanƙwasa matsayarsu, kuma ba a canza mata tsari.

Sai waɗanda ba su da suna ko kaɗan. A shekarun 1970, lokacin da samari suka ruɗu da sautin nan a kiɗan kantiri da rok, an sayar da jitoci a warwatse mutum ya haɗa a gida, wasu kuma sun ƙera nasu a gareji. Za ka gane su da ƙarafunan da ba su yi kama da juna ba, da ramukan da aka huda ba a layi ba. Idan abu ya karye a irin wannan, babu inda za ka samo madadinsa.

To, a ce an gane ko wace ce. Saura lafiyarta, kuma a nan ne za ka hana kanka sayen biri a sama. Fara da ƙidaya, tun kafin a kaɗa: ƙafafu huɗu, sandar da fedoji suke kai, rodin feda uku, da akwati. Tsofaffin nan sukan fito daga ɗakin ajiya bayan mai su ya rasu, magada ba su san rodin nan uku na jitar ba ne, sun zubar. Rodi mai juya ƙarfe zai iya yi maka idan yana da samfur, amma sandar feda ta Maverick ko ta Red Baron nemanta wahala ne, kuma zaren sukurun Amurka na inci ne, ba irin na milimita da ya cika kasuwarmu ba. A ɗaura kowace ƙafa a ga ta shiga ta kama. Ramin ƙafar da zarensa ya cinye yana sa jita rawa duk lokacin da aka taɓa liba. Ka kuma auna kanka. Da yawan na 'yan koyo ƙafafunsu ba sa ƙara tsawo, idan kai dogo ne gwiwarka ba za ta shiga ƙarƙashi ba. A auno daga ƙasa zuwa gefen jikin jitar, kai kuma ka zauna a kujera da takalminka ka auna tsayin gwiwarka.

Bayan haka Yaya ya sa manhajar saita jita a wayarsa, irin mai nuna santi, wato kashi ɗaya cikin 100 na rabin mataki, ya yi gwaji biyu yana ɗaukar bidiyo. Ba sai ya iya kiɗa ba. Gwajin farko na komawa ne: ya kaɗa tsirkiya ta 5, ya duba inda allura ta tsaya, ya taka feda A ya saki, ya sake kaɗawa. Ya maimaita sau da yawa, sannan ya yi wa ta 3 da feda B, ta 4 da feda C, ta 8 da liba. Abin da ake nema shi ne tsirkiya ta koma daidai inda ta taso kowane karo. Idan tana komawa yau sama gobe ƙasa, akwai abin da yake cijewa. Sau da yawa dattin tsohon mai ne da ya daskare a masauyi, ko ƙananan ƙafafun juyi da tsirkiyoyi suke bi ta kansu a wajen maɓallai sun daina juyawa, ko sifirin ya gaji. Waɗannan duk masu sauƙi ne. Wasu na 'yan koyo ma ba su da ƙafafun juyin, tsirkiya a kan sandar ƙarfe take gogawa, kuma irin waɗannan sun fi saurin ƙin komawa. Abin tsoro shi ne yatsa da ya lanƙwashe ko sandar da yatsun suke juyawa a kanta ta cinye.

Gwaji na biyu na lotsawar jiki ne. Ya kaɗa ta 4 ko ta 8, ya taka A da B tare. Waɗannan fedoji ba su da hulɗa da tsirkiyar E, don haka bai kamata ta motsa ba, amma za ta ɗan sauka, saboda jan da aka ƙara yana lanƙwasa jikin jitar kaɗan. Kowace fedal-stil tana yin haka. Santi uku ko huɗu ba komai ba ne. Idan ta kai goma ko ta wuce, ni a wurina ta yi yawa, kuma a jiki marar nauyi irin na 'yan koyo a nan ake kama su. Wani lokaci sukurun farantin ƙarshe ne suka kwance, a ɗaure ta ragu. Idan katakon ne ya tsage a kusa da masauyi ko a ƙarƙashin maɓallai, a bar musu kayansu.

Abu ɗaya da zai hana ku yanke mata hukuncin zalunci: ja-da-saki da tura-da-ja ba a saita su yadda ake saita ja-zalla. A waɗannan biyun, sai ka taka feda tukuna ka saita muryar sama da maɓalli, sannan ka saki ka saita muryar sake da sukurun da ke farantin dama. Mai sayarwa da bai san haka ba zai ce fedojin ba sa kaiwa, alhali hanyar ce ya juya. Wannan jahilci yakan sauke farashi, kuma ba laifi ba ne ka amfana.

A duba kan yatsun masauyi, inda tsirkiya take kwanciya. Alminiyam ne, tsirkiya kuma ƙarfe, shekara arba'in ana ja sai ta sare masa rami. Ramin yana sa murya ta yi zizar ƙudan zuma, yana kuma tsinka tsirkiya ta 3, wadda dama ita ce mafi siranta, .011 na inci, kuma ita feda B take ja kullum. Ƙaramin rami ana goge shi da takardar yashi mai laushi a bi lanƙwasar yatsan. Mai zurfi sai an canza. A wasu Sho-Bud na ƙarshen shekarun 1970 an yi amfani da gamin tutiya a wasu ƙarafunan ciki, mai launin toka, wanda ba ya lanƙwasa sai dai ya karye, kuma mai walda ba ya iya masa komai. A duba madaurin liba da kyau ko akwai tsaga.

Fikof kuwa, a jona ta da amfilifaya a ji kowace tsirkiya tana fita. Idan akwai mitar masu gyaran rediyo a auna a bakin soket: na irin waɗannan jitoci galibi yana tsakanin om 15,000 da 20,000, ya ninka na jitar da ka saba. Idan mita ta nuna babu hanya, wayar ciki ta tsinke, sai an sake naɗi. Wannan ba ya kashe ciniki, amma a cire kuɗinsa daga farashi. Ɗan gurnani kuma ɗabi'ar fikof mai naɗi ɗaya ce, zai ma ƙaru a wurinka idan wutar gidan ba ta da waya ta ƙasa.

Maganar daraja: ban ba ka adadi ba, domin farashi yana motsi, amma ga ma'auni. Kada a dubi abin da masu sayarwa suke nema, a dubi abin da aka riga aka sayar a shafukan ciniki na intanet, Reverb ko eBay. Sannan a ajiye wannan kusa da farashin jitar 'yan koyo ta zamani mai feda 3 da liba 4, irin Stage One da Bruce Zumsteg ya tsara, ko ta kamfanin GFI. Idan tsohuwar Maverick mai leda ta haura rabin kuɗin waɗannan, suna ake sayar maka ba jita ba. GS-10 ce kaɗai a cikinsu nake ganin ta cancanci ta yi kafaɗa da sabuwa. Kalmar tsohon aiki tana da ma'ana a kan manyan Sho-Bud da Emmons na ƙwararru. Ta 'yan koyo an yi ta ne da yawa, da araha, don a yi shekara ɗaya da ita a wuce.

Lissafinka kuma ya bambanta da na Ba'amurke. Shi idan ya gaji da Maverick zai sayar a garinsu cikin mako guda, ya mai da kuɗinsa. Kai za ka biya kuɗin jirgi da na kwastan, waɗanda nauyi da girman akwati suke yanke su, ba darajar abin da ke ciki ba, kuma masu sayen irin wannan kaya a ƙasar nan ba su da yawa, duk da cewa kunnuwanmu sun san sautin tun lokacin da Demola Adepoju ya shigar da shi kiɗan juju na King Sunny Ade a shekarun 1970. Makaniki ma kai ne. Saboda haka wadda za ta ƙetare teku ya kamata ta zama wadda za ka yi shekaru ba ka ƙure ta ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: idan Maverick ɗin cikakkiya ce, ta ci gwajin nan biyu, kuɗinta kuma ƙasa yake sosai, za ta koya maka riƙon ƙarfen hannu da ake zamarwa a kan tsirkiya, da toshe tsirkiya, da taka A da B, waɗanda su ne aikin shekarar farko. Amma da ni ne, sai in ce wa Yaya ya ƙara haƙuri ya nemi mai liba huɗu, ko GS-10 da makanikin tura-da-ja ya saita ya ƙara wa libobi tun tana can, ko tsohuwar MSA Classic mai wuya ɗaya idan nauyinta bai tsorata ku ba.

Duk wadda aka saya, a haɗo da ƙarfen hannu mai kaurin 7/8 na inci, da faratan kaɗawa, ɗaya na babban yatsa biyu na ƙarfe, da fedar ƙara sauti, da saitin tsirkiyar E9 da yawa, da ƙananan sifanonin Allen na inci. Tsirkiya ta 3 kuwa, tsirkiyar jita ta yau da kullum mai .011 tana yi, wannan za ka samu a gida. Jitar kanta ba ta cin wuta, amma idan an haɗo da amfilifaya ta Amurka, ta bolt 120 ce, sai da tiransifoma. Wajen ɗaurewa a cusa katako ko kwali mai ƙarfi a jikin shingen da ya raba jita da ƙafafu a cikin akwati, domin shi ne yake karyewa idan aka yar da kaya, ƙafafun su faɗa kan ƙarafunan ciki. Idan ta iso, hunturu zai busar da katakon, sukuru su sassauta, sai ka bi su a hankali ba da ƙarfi ba. Mai fomeka ta fi mai man sheƙi jure wannan. Ka rufe ta da zane saboda ƙura, ka ɗiga mata man keken ɗinki kaɗan a masauyi da ƙafafun juyi, kada ka fesa mata WD-40 kuma kada ka shafa giris, ƙura suke tarawa su daskare.

Ka turo hoton cikin da na farantin dama, da lambar da aka buga a ƙarƙashin farantin ko a jikin katakon idan an gan ta, in tabbatar maka ko Maverick ɗin ce.